Saura Tsoma Ɗaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin babanmu, wanda duk gidan muke kira Baba Tsoho, ya rasu bayan an gama cirar gyaɗar bana. Bai daɗe a kwance ba. Dama ya sha faɗa cewa shi ba zai yi doguwar jinya ba, don ba ya son a riƙa juya shi kamar waina a tanda. Allah ya amsa masa.

Tun kafin maza su dawo daga maƙabarta tsakar gidanmu ta cika da mata. Tabarminmu suka ƙare, aka aro na maƙwabta. Kowacce ta shigo sai ta wuce ɗakin Inna, matarsa, ta durƙusa ta ce, "Inna, ya haƙuri?" Inna ta ce, "Da godiya." Daga nan sai a fito a zauna a fara yabonsa. Ni ina gindin randa ina ɗiban ruwa ina miƙa wa baƙi, ina jin komai.

Wata maƙwabciyarmu ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Allah sarki, bawan Allah mai haƙuri. Ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba."

Ita ce fa wadda bara ya biyo awakinta da sanda tun daga gonar wake har ƙofar ɗakinta, yana faɗa mata abin da ba zan rubuta a nan ba. Dariya ta kufce mini. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta kai mini mintsini a cinya ta ce, "Ke, gidan rasuwa ne nan."

Na ce, "Na sani, Gwaggo. Amma wa suke nufi?"

Ba a yi wa mamaci ƙarya ko da ta alheri ce. Baba Tsoho ba shi da haƙuri da mutane. A wurinsa na gado nawa rashin haƙurin, kowa a gidan ya sani. In ka tsaya jan gaisuwa sai ya ce, "Lafiya lau, gida lafiya, gona lafiya, kowa lafiya, faɗi abin da ya kawo ka."

A ƙofar gida ma, inda maza suke zaune, Yayana ya ce yabon ake ta yi. Liman ya ce bai taɓa ganinsa a sahu na biyu ba. Manoma suka ce kunyar gonarsa a miƙe take kamar an ja da igiya. Wannan duk gaskiya ne. Amma tun daga ranar rasuwa har sadakar uku ban ji mutum ɗaya, namiji ko mace, ya ambaci cewa marini ne ba. Ko ɗaya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don in ba a faɗa ba yanzu, nan da shekara kaɗan sai a ce wani tsoho ne mai kyan noma, shi ke nan.

Ni ma ban tarar da marinar ba. Bayan gari take, daidai inda shagon cajin waya yake yanzu. Inna ta ce a da rijiyoyin rini ne jere a wurin, ana zuba baba, wato ganyen da ke ba da shuɗi, da toka da katsi, wato ƙonannen dagwalon tsohon rini, a bar su su ruɓa, a yi ta motsawa da muciya har kumfa ta taso. Ta ce tun daga nesa warin yake sanar da baƙo ya iso garinmu. Da atamfar kanti ta yi yawa, galura kuma ta shigo, wadda mace za ta dama a tukunya ta rina zane kafin a kira azahar, sai masu kawo kaya suka ɗauke ƙafa. Daga baya akuyar wani ta faɗa rijiya ɗaya, aka taru aka cike su duka da ƙasa. Baba Tsoho ya koma gona. Inna ta ce sai da aka yi shekaru kafin shuɗin ya gama fita daga farcensa, kuma tun daga lokacin ko sunan marina ba ya son a kira a gabansa.

Abin da ya tono maganar, wata tsohuwar laftof ce.

Ta Yaya ce. Da ya samu aikin tsaron shago a Kano sai ya bar mini ita, ya ce in riƙe kafin ya nema. Lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ina zuwa koyon kwamfuta a Bagwai. Cikin abin da malaminmu ya koya mana har da wata baƙar taga da ake kira si-em-di. Ba hoto a cikinta, ba ado, baƙi ne wuluk da ɗan farin rubutu, kai za ka rubuta wa kwamfuta umarni da hannunka. Da ita nake yi wa mutanen garinmu gyaran memori. Mutum zai zo hankali a tashe ya ce karatun Alƙur'aninsa da hotunan sunan ɗansa duk sun ɓace, alhali ƙwayar cuta ce ta ɓoye su. In na buɗe baƙar tagar na rubuta layi ɗaya sai komai ya dawo. Har wasu suka fara kirana injiniya.

A zaure nake aikin bayan la'asar, don nan ne ake samun iska. Nan kuma Baba Tsoho yake zama a kan buzunsa yana ɓarar gyaɗa. Ran nan ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ke 'Yar Gaggawa, wane irin dare ne wannan kike rubutu a cikinsa?"

'Yar Gaggawa yake kirana tun ina rarrafe. Wai ban tsaya koyon zama ba.

Na ce, "Tsoho, in duhun ne bai yi maka ba, tsaya ka gani." Na rubuta color 0a na danna. Rubutun gaba ɗaya ya koma kore shar.

Sai da ya ja da baya. Ya ce, "Me kika zuba?"

"Ban zuba komai ba. Kalma ɗaya ce da alama biyu. Ta farko launin bango, ta biyu launin rubutu."

"Sake in gani."

Na sake. Na yi masa ja a kan fari, na yi masa baƙi a kan rawaya, na dawo da koren. Ya ajiye kwanon gyaɗar, ya matso har ina jin ƙamshin goronsa. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, don haka da gefe yake kallo kamar kaza.

Ya ce, "Wannan koren ɗanyen shuɗi ne. Haka zane yake fitowa daga rijiya, kore. Sai ya sha iska yake juyawa." Can ya ce, a hankali, kamar mai tambayar wani da ya daɗe da barin gari, "Akwai shuɗi a ciki?"

Na rubuta color 1f. Bango ya koma shuɗi, rubutu fari.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsansa ya murza kusurwar gilashin, ya juyo da yatsan ya duba. Na ce, "Tsoho, man gyaɗa fa kake shafa mini!" Ko kallona bai yi ba. Ya taɓe baki ya ce, "Galura ce."

Na ce, "To Allah ya ba da haƙuri, ita gare mu."

Ya ce in sa shuɗi a kan shuɗi ya gani. Na rubuta, kwamfutar ta ƙi, don ba ta yarda bango da rubutu su zama launi ɗaya. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce, "Ashe tana da hankali. Ta fi wasu 'yan gidan nan."

Washegari ina buɗe tagar sai ga ta baƙa kamar yadda ta saba. Ya ce, "Ina shuɗin jiya?"

Na ce, "Ai da an rufe yake tafiya. Sai an sake rubutawa."

Ya saki baki. "Wanki ɗaya? Wanki ɗaya ya zube? La'ilaha illallahu. Da a marina kika yi wannan, da yau mai kaya ya tara miki jama'a. Rinin da bai kama ba ai sata ce da rana tsaka." Ya yi ta mita har aka kira magariba. Da asuba na fito zan zuba wa kaji dusa, ya ce daga bakin zaure, "Barka da asuba, mai rinin zuba."

Don in huta da bakinsa na tambayi malaminmu. Ya nuna mini cewa in ka danna saman tagar da hannun dama na maus, wato linzamin kwamfuta, akwai wurin saiti, in ka zaɓi launi a nan zai zauna ko an kashe kwamfutar. A wurin kuma akwai 'yan akwatuna uku, na ja da na kore da na shuɗi, kowanne da lamba, kana iya ƙarawa ko ragewa ka haɗa launin da ranka yake so. Da na sani ban nuna wa Baba Tsoho waɗannan akwatunan ba. A'a, ƙarya nake. Gara da na nuna.

Da farko ya sa na kashe kwamfutar na kunna har sau uku a gabansa. Shi a wurinsa wanki ne. Da ya ga shuɗin yana nan ya ce, "To, ya kama. Saura ya zama shuɗi."

Daga ranar zaurenmu ya zama marina. Kullum bayan la'asar, in dai akwai caji, sai ya ce, "Ɗauko rijiyar." Ba ya yarda a duba launi a rana, sai a inuwa, kuma sai an juya bayan kwamfutar ga ƙofa. Farin rubutun bai ba mu wahala ba. Ya ce fari ƙal yana sukar ido, a rage shi ya zama kamar wurin da aka ɗaure da zare kafin a tsoma zane, wanda shuɗi ya ɗan leƙa bai shiga ba. Rana ɗaya muka gama wannan. Bangon ne ya ci mu.

Abin da yake nema shi ne shuɗin da ya yi duhu har ya kusa baƙi amma bai zama baƙi ba, wanda in ka karkata shi sai ka ga wani ja-ja yana gilmawa a cikinsa. Ya ce irinsa ake yi wa rawani da zanen manyan mata. In na rage lamba ɗaya, shi a wurinsa tsoma ɗaya ke nan. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Bari ya sha iska."

"Tsoho, wace iska? Inji ne fa. Yadda ya fito haka zai zauna har gobe."

"Na ce ki bari."

Sai mu zauna. Ya ɓare gyaɗa, ya jefa a baki, ya kalli bango, ya kalli waje, ya dawo ya kalli gilashi. Ni kuwa ƙafata tana ta rawa. Mutumin da ba ya iya jiran a gama gaishe shi, sai ga shi yana jiran lamba ta huce. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Mutum yana da baki, zai iya gaggautawa. Zane ba shi da shi." Daga baya na lura ba injin ne yake shan iska ba, idonsa ne. In ya kalli waje ya dawo, sai ya ga abin da bai gani ba da farko. Har ni na fara gani. Amma ban faɗa masa ba, don kada kansa ya ƙara girma.

A irin wannan zaman ne bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin yadda ake gane rijiya ta nuna daga kumfarta da warinta. Yadda mabuga suke shimfiɗa rinannen zane a kan gungume su yi ta dukansa har ya yi ƙyalli, sautin yana kaiwa gonaki. Yadda ya taɓa komawa da rawani cikin rijiya bayan mai shi ya zo karɓa daga Makoda, don shi a idonsa bai yi ba, mutumin ya kwana a zaure yana zage-zage. Ya ce dokar marina ce, kaya na mai shi ne, amma ba ya fita sai marini ya sallame shi da bakinsa.

Na ce, "To me ya sa kake murza gilashin kana duba yatsa? Kai da ka ce rini mai kyau ba ya zuba."

Ya ce, "Ba ya zuba a ruwa. Amma yana barin shaida a jikin wanda ya sa shi. Tambayi Inna yadda wuyanta yake a da."

Na tambaye ta. Ta ce, "Ke tafi can da shirmenku. Na sha warin rijiya shekara da shekaru, ya ishe ni." Sau da yawa ya aike ni in kira ta ta zo ta gani, ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce ita ba ta kallon talabijin ɗin da ba mutane a ciki.

Mun yi faɗa, ba sau ɗaya ba. Babban shi ne ranar da mutum uku suke tsaye da memorinsu suna jirana, caji ya kusa ƙarewa, shi kuma ya kafe sai an sha iska. Na ja lambar na zabge ta da yawa lokaci ɗaya, bangon ya koma baƙi ƙirin. Na ce, "Ga shi nan, ya yi duhu, sai a tashi."

Ya ce, "Kin ƙona shi."

Na ce, "Tsoho, marinar nan fa ta mutu tun kafin a haife ni. Caji ake yi a kanta."

Ya ce, "Ke kuma injiniyar da ba ta iya dama kunu ba." A gaban mutane.

Ya naɗe buzunsa ya shige gida. Kwana da kwanaki ba ya ce mini, ba na ce masa. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Babanmu ya ce in je in ba shi haƙuri, na ce shi ma ai ya faɗi tasa. Inna ta ce a ƙyale mu, ƙwarya ce ta bi ƙwarya. Ran nan na fito zaure na tarar da kwano cike da ɓararriyar gyaɗa a kan murfin laftof ɗin, an soya ta da gishiri yadda nake so. Shi yana gefe yana kallon hanya kamar bai san da ita ba. Na zauna na ci. Na buɗe tagar na mayar da lambar inda take kafin in zabge. Bai juyo ba ya ce, "Kin wuce da ɗaya." Na duba. Na wuce da ɗaya.

Ranar da sakamakonmu ya fito na faɗi lissafi, gidan nan kowa ya samu abin faɗa. Babanmu ya ce danne-dannen kwamfuta ne ya cinye ni. Gwaggo ta ce dama rawar kai ba ta kai mutum ko'ina. Na shiga bayan rumbu na zauna, don ba na son a ga kukana. Sai ga shi da sandarsa. Bai ce in yi haƙuri ba, bai iya wannan ba. Ya tsaya a kaina ya ce, "Sau nawa aka tsoma ki?"

Na ce, "Me?"

"Jarrabawar. Sau nawa kika shiga?"

"Sau ɗaya."

"Shi ne kike kuka? Tsoma ɗaya ko ƙyallen jariri ba ya rinuwa. Tashi ki ɗauko rijiyar, rana tana tafiya." Da daddare kuma na ji shi daga ɗakin babanmu yana cewa, "Za ta sake. In kuma na ƙara jin wani ya buɗe mata baki, da ni yake." Na sake a shekarar da ta biyo, na ci. Da na kawo masa labari cewa ya yi, "To me? Matsa ki ba ni haske."

Akwai ranar da na kwafi lambobin nan uku na sa su a wata kwamfuta a wurin koyonmu, don in nuna wa ƙawayena. Abin da ya fito daban, wani shunayya-shunayya mai haske kamar leda. Na gwada a wata, ita kuma ya yi toka-toka. Na dawo na faɗa masa raina a ɓace. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce, "Kowace rijiya da halinta. Ki zuba baba ɗaya, toka ɗaya, wannan ta ba ki abu, ta kusa da ita ta hana ki." A nan na gane shuɗin Baba Tsoho ba a lambobi yake ba. A wannan tsohon gilashin yake, mai tsaga a gefe, wanda sai an tokare shi da bulo yake tsayawa.

Zamanmu na ƙarshe, zazzaɓin ya riga ya fara taɓa shi. Ya jingina da bango ya lulluɓa da mayafin Inna. Muka yi tsoma biyu. Ya daɗe yana kallo fiye da kullum. Ya miƙa yatsa ya murza kusurwar, ya duba. Na ga bakinsa ya motsa, na ce yau dai za a sallame ni.

Na ce, "Ya yi?"

Ya ce, "Saura tsoma ɗaya."

"A danna?"

"Ba yau ba. Idona ya gaji. Rufe."

Bai sake fitowa zaure ba.

Yaya ya zo jana'iza daga Kano. Ranar sadakar uku ya kira ni gefe ya ce bayan bakwai zai tafi da laftof ɗinsa. Maigidansa yana so a riƙa shigar da kayan shago a kwamfuta, zai kai ta a goge komai a sa mata sabon tsari, a canza gilashin da ya tsage. Na ce ba za ta yiwu ba. Ya ce, "Tawa ce ko taki?" Na ce tasa ce. Ya ce, "To. Kala ce fa kawai, ki rubuta lambar ki ajiye." Na yi masa bayani, ya ce in bar shi da abin da ya dame shi. Ban ga laifinsa sosai ba, aikinsa ne abincinsa. Amma na kwana uku ban yi masa magana ba.

Ranar bakwai, bayan an raba gumba an watse, ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida yana jiransa. Yaya ya sa laftof ɗin a jaka ya shiga yi wa Inna sallama. Tana ɗakinta a kan tabarma, cikin takaba, carbi a hannu. Na bi bayansa. Na ce, "Inna, kafin a tafi da ita, sau ɗaya dai ki duba. In kin ce shirme ne na yarda."

Yaya ya ce, "Ke, ana jirana."

Inna ta ce, "Buɗe mata, ko ma huta."

Na zaro ta daga jakar, na tokare da gefen kwalla, na juya bayanta ga ƙofa. Na buɗe tagar. Shuɗin ya cika gilashin, ɗan farin rubutun yana sama a kusurwa.

Inna ta zuba masa ido. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta karkata kai ta kalle shi ta gefe, ta dawo ta kalle shi ta gaba. Sannan ta miƙa babban yatsanta ta murza gilashin, daidai kusurwar da man gyaɗarsa ya bar tabo, wanda ban goge ba. Ta juyo da yatsan ta duba. Babu komai a jiki. Duk da haka ta ɗaga shi ta shafa a wuyanta.

Ta ce, "Na lefena ne. Irin wannan ya yi mini. Ja'irin tsoho, ashe abin da yake ta aike a kira ni ke nan."

Gwaggo da take bakin ƙofa ta ce, "Baba ne ya yi wannan?" Ta juya ta kira 'ya'yanta. "Ku zo ku ga rinin kakanku. Marini ne fa, ba ku sani ba ko?" Suka taru suna leƙe, ƙaramar tana tambayar mene ne marini.

Ɗan acaɓa ya danna ham a waje. Yaya ya miƙa hannu zai rufe.

Inna ta ce, "Dakata." Ta dube ni. "Ya ce ya yi?"

Na ce, "A'a. Cewa ya yi saura tsoma ɗaya."

Ta ce, "To ba ta fita."

Yaya ya ce, "Inna, kwamfutar fa tawa ce."

"Wa ya ce ba taka ba ce? Kowane zane ma da mai shi. Amma ba a fitar da kaya daga marina sai marini ya sallame su. Ya sallame ka?"

"Inna, ai ya rasu."

"To ka ga sai ka yi haƙuri."

Yaya ya kalle ni, ya kalli Inna, ya kalli gilashin. Can ya yi wata 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Mutumin Makoda ma kwana ɗaya ya yi." Ashe shi ma an taɓa ba shi labarin. Ya rataya jakarsa ba komai a ciki, ya durƙusa Inna ta sa masa albarka, ya ce zai nemi ta aro a wurin abokinsa. A bakin ƙofa ya ce mini, "Saura ki bari ta faɗi."

Yanzu a ɗakin Inna take kwana. Da safe in kai ta caji a kan tsohuwar marina, bayan la'asar in yi wa mutane gyaran memori a cikin shuɗin Baba Tsoho. Duk wanda ya tambayi wace irin kala ce wannan, sai ya zauna ya ji labari, ko yana sauri ko ba ya yi. Lambar tana nan inda ya bar ta. Wani lokaci hannuna yakan kai kan akwatin, in ji kamar in danna ɗayar nan in huta. Sai in janye.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho. Allah ya yafe masa faɗansa, da na awaki da na mutane. Ya haskaka kabarinsa, ya sa iyakar wahalarsa ke nan, ya ba Inna juriyar rashinsa. Mu kuma da muka saura, Allah ya sa kada a ɗauke mu sai mun nuna. Amin.